Yadda Likitan Fisiyo Ke Tayar da Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Mutanenmu kan ce wa aikin likitan fisiyo "gashin ƙashi", shi ya sa da yawa ke zaton tausa ce kawai da ɗumama gaɓa. Amma tushen ciwon a ƙwaƙwalwa yake: jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, sai ɗaya ɓarin jikin ya daina jin umarni. Likitan fisiyo, wanda ya yi aƙalla shekara 5 a jami'a kamar Bayero ta Kano, ya ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, zuwa yake ya sake koya wa ƙwaƙwalwar motsi.

Gwaji yake fara yi. Ya ce, "Baba, matse min yatsa," ya ɗaga ƙafar ya ji nauyinta, ya taɓa fata ya tambaya ko an ji. Daga nan sai gyaran kwanciya: matashi ƙarƙashin hannun da ya shanye, a riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya. Kullum yana lanƙwasa gaɓoɓin yana miƙe su, kada su sandare.

Sai zama a bakin gado. Wannan matakin ya fi yadda ake tsammani wuya, don mutum kan rinjaya gefe guda bai ma sani ba. Akan sa madubi a gabansa ya ga kansa, ya daidaita. Idan zama ya nuna sai tsayuwa, ana tokare masa gwiwa, sannan taku tsakanin ƙarafa biyu, daga baya sanda.

Sauran aikin a gida yake, kuma a nan na fi jin takaici. Saboda tausayi, 'ya'ya kan ba majinyaci abinci a baki, su sa masa riga, su ɗauko masa buta, har hannun ya manta da amfaninsa. A bar shi ya kama kofi da kansa, ko da rabin kunun zai zube. Kada kuma a ja shi ta hannun da ya shanye wajen tayarwa, kafaɗar na iya gocewa. Watanni 3 zuwa 6 na farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, don haka da zarar likita ya ce jikin majinyaci ya daidaita, ko yana kan gadon asibiti, a fara aikin fisiyo.