Azabar Ƙuruciya da Masu Kashe Mutane Bi da Bi

A shekarun da na yi ina duba yaran da iyaye kan kawo asibitin ƙwaƙwalwa da sunan sun kangare, tambayar da aka fi yi mini, duk sa'ad da labarin wani mai kashe mutane bi da bi ya ɓulla, ita ce ko da muguntarsa aka haife shi. Gado yana da nasa kaso, amma wanda ya bi tarihin irin waɗannan mutane da natsuwa, galibi zai tarar da wata azaba tun daga ƙuruciya.

Edmund Kemper na Amurka, wanda ya hallaka mutum 10, mahaifiyarsa takan kulle shi ya kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tana muzanta shi dare da rana. Ya fara da kashe kyanwar gida, ya harbe kakanninsa biyu a 1964 yana ɗan shekara 15, daga bisani ya kashe ita uwar a 1973. Illar a fili take, domin yaron da ya daɗe cikin firgici, ya kuma gane cewa kukansa ba ya kawo agaji, yakan danne jin zafinsa don ya rayu, tausayin wasu kuwa yakan dusashe tare da shi, sai ya koma gina mulki a zuci inda shi ne mai azabtarwa.

Sai dai wajibi ne a yi adalci. Binciken Cathy Widom na 1989, wanda ya bi sawun yara 908 da aka zalunta ko aka yi watsi da su, ya nuna haɗarin aikata laifi ya ƙaru, amma akasarinsu ba a taɓa kama su da laifin zubar da jini ba. Saboda haka azabar ƙuruciya sababi ce cikin sabubba, kuma ba ta zama uzuri ga wanda ya ɗauki rai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake amsa alamun farko da ƙarin bulala. Idan yaro yana azabtar da dabba yana jin daɗi, ko yana yawan cinna wuta, ko ya daina kuka ko da an doke shi, a kai shi ga likita. Nakan fara da tambayar iyaye wanda ke kwana da yaron, da wanda yake tsoro a gidan, sa'an nan in nemi babba guda, ko goggo ko malami, da yaron zai iya sakin jiki da shi.