Yadda Ake Tsaya wa Wanda Aka Kama Kan Ƙaramin Laifi, Daga Caji Ofis Zuwa Gaban Alƙali

Yawanci bayan magariba ake bugo waya: an kama ƙaninka. Wai wayar hannu da ya saya wata biyu da suka wuce ta sata ce, ko cacar baki a tasha ta kai ga mari. Maganar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa dangi kan ce a bari sai da safe. To amma wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke, kuma cikinsu akwai waɗanda irin wannan 'yar magana ce ta kai su. Ƙaramar shari'a a kwana biyun farko ake cin ta ko a faɗi, galibi kuma bakin mai ita ne ke kayar da shi.

Mataki na farko: je caji ofis a daren

Tafi da katin shaidarka da dattijo guda mai sanyin baki. Kada ku je gayya, kada a ɗaga murya a kanta. Abu uku za ka tambaya: laifin da ake zarginsa da shi, wanda ya kawo ƙara, da sunan ɗan sandan da ke binciken, wanda ake kira IPO. Rubuta rana da ƙarfen da aka kama shi. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu. Da wannan lokacin za ka yi magana gobe.

Wasu kan ƙi zuwa don tsoron kada a riƙe su. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama wani a madadin wani, sun kuma hana kama mutum kan bashi ko saɓa alƙawarin ciniki zalla. Jihohi ma sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, Kaduna a 2017, Kano a 2019.

Mataki na biyu: tsare masa bakinsa

In ka samu ganinsa ko na minti biyu ne, kada ka ɓata su wajen faɗa. Gaya masa abu ɗaya: kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, kuma doka ta ba shi damar a ɗauki bayaninsa a gaban lauya.

Ga inda ake tuntuɓe. Shi zai yi bayani da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci. Ya ce, “Eh, wayar tana hannuna, saye na yi.” A takarda sai ta koma kamar ya yarda ya karɓi kayan sata. Alhali a dokar laifuka ta Final Kod, samun abin a hannunka kaɗai bai isa ba, sai an nuna ka san na sata ne ko kana da dalilin zaton haka. Tsakanin “na saya” da “na sani” akwai ɗauri. Don haka ya nemi a karanta masa abin da aka rubuta, a fassara masa layi-layi, a gyara inda ba haka ya faɗa ba. Kai kuma ka bazama tun yanzu neman rasit, da wanda aka yi cinikin a gabansa, da lambar wanda ya sayar. Shaida kamar ɗanyen nama ce, ba ta son kwana.

In an dake shi don ya amsa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da wannan laifi. A ɗauki hoton raunin, a je asibiti da zarar ya fito, a ajiye katin. Kotu ba ta karɓar iƙirarin da aka tatsa da duka, amma sai lauya ya tayar da maganar a daidai lokacin da za a miƙa takardar.

Mataki na uku: belin 'yan sanda

A bangon caji ofis za ka ga an rubuta beli kyauta ne. Haka doka ta ce, ko da yake duk wanda ya taɓa shiga ya san bango daban, kanta daban. Nemi belin a rubuce. In IPO ya yi ta jan ƙafa, nemi ganin shugaban caji ofis ɗin, wato DPO, cikin ladabi, ka ambaci lokacin da aka yi kamen. In kwanakin sun wuce ba beli ba kotu, lauya na iya kai maganar gaban alƙali. A kula da kamen ranar Juma'a, domin wanda bai fita ranar ba sai ya ga Litinin a bayan kanta.

Mai tsaya wa beli ya san abin da ya ɗauka: in yaron ya gudu, shi za a nema da kuɗin da ya sa wa hannu. Mace ma tana iya tsayawa, dokar 2015 ta faɗi haka ƙarara, don haka kada a kori uwa ko yaya a ce sai namiji.

Mataki na huɗu: lauya

Rashin kuɗi ba hujjar zuwa kotu hannu rabbana ba ce. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a manyan biranen jihohi, aikinta kare marasa hali kyauta. Rassan ƙungiyar lauyoyi ta NBA da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA su ma suna ɗaukar irin wannan. In na kuɗi za ka ɗauka, ku yanke tun farko: na beli kaɗai ne ko har ƙarshen shari'a? Ka kuma nisanci dillalan bakin kotu masu cewa sun san alƙali. Kuɗinka kawai suka sani.

Mataki na biyar: gwada sulhu

Mari, zagi, ƙaramar ɓarna, duk doka ta yarda a sasanta su. Mai unguwa ko liman kan kashe wutar da lauya zai yi wata shida yana fama da ita. A rubuta yarjejeniyar, shaidu su sa hannu. Sai dai in magana ta riga ta shiga kotu, yafewar mai ƙara a zaure ba ta rufe ta. Dole ya zo gaban alƙali ya faɗa da bakinsa, alƙali ya amince.

Mataki na shida: ranar farko a kotu

Ko kotun majistare ce ko ta shari'ar Musulunci, wadda jihohin Arewa da dama suka ba ta hurumin laifuka tun 2000, lauya yana da ikon tsayawa. Za a karanta takardar ƙarar 'yan sanda, wato FIR. In da Turanci ne kuma ba ya ji, tafinta haƙƙinsa ne, kyauta. Sannan a tambaye shi: ka aikata ko ba ka aikata ba?

Kafin wannan lokacin, kusan kullum akwai wanda ya riga ya raɗa masa, “Ka amsa kawai, 'yar tara ce, yau za ka kwana gida.” Mai wannan raɗar ba shi ke yanke hukunci ba. Da ya amsa, alƙali na iya yanke masa a take, kuma tara ko ɗauri, zaɓin na alƙali ne. Ko tarar ce ma, sunansa ya shiga littafi a matsayin wanda kotu ta kama da laifi. Ranar neman aikin soja ko biza maganar za ta taso, kuma tsarin mulki ya hana wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya tsayawa takara har shekara goma. Wanda bai yi ba ya ce bai yi ba. Ba shi zai wanke kansa ba, mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujja.

In kuwa ya aikata, babu amfanin wahalar da kowa. Ya amsa bayan shawara da lauya, a roƙi sassauci: farkon laifinsa ne, yana da iyali, ya biya abin da ya ɓata. Doka yanzu ta ba alƙali damar sa mutum aikin al'umma maimakon ɗauri.

Sai belin kotu, inda dangi suka fi sakaci. Ku zo tun safe da masu tsayawa biyu, da katin shaidarsu, da ƙananan hotuna, da takardar da ke nuna adireshi kamar ta kuɗin wuta. Wani alƙalin zai nemi takardar mai unguwa ko ma'aikacin gwamnati mai wani mataki. An ba da beli ƙarfe ɗaya, ba a cika sharuɗɗa ba har magatakarda ya tashi, to motar gidan yari ce za ta tafi da shi. In sharuɗɗan sun fi ƙarfin laifin, lauya ya nemi a sassauta, ko ya tafi Babbar Kotu.

Mataki na bakwai: bayan ya fito

Kada ya tsallake zama ko ɗaya. Rana guda ya ƙi zuwa ba uzuri, a soke belin a ba da takardar kamo shi. Kada kuma ya je wa shaidun mai ƙara da magana, ko ta roƙo ce. In masu ƙara suka yi ta kasa kawo shaidu ana ɗage zama, lauya ya nemi a kori ƙarar. A nan a tambaya da kyau: sallama aka yi ko wankewa? Wanda aka sallama kawai ana iya sake gurfanar da shi, wanda aka wanke kuwa ba a sake tuhumarsa kan laifin nan.

In hukunci bai yi daɗi ba, daga kotun majistare ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, galibi cikin kwana 30, don haka a nemi kwafin shari'ar a makon. In tara aka biya, a karɓi rasit na gwamnati. In wanke shi aka yi, a karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, a kuma sa lauya ya roƙi umarnin mayar masa da kaya ko kuɗin da aka riƙe a matsayin shaida kafin a bar harabar kotun.