Ɗan Sarki a Fagen Neman Ƙuri'a

Ɗana, tunda ka ƙudurta neman ƙuri'a a Kazaure da Roni da Gwiwa, kuma mutane suna ambaton gidanku kafin su ambaci sunanka, zauna mu yi zancen Sardauna.

Ahmadu Bello jinin Shehu Usmanu ne ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1938 ya nemi gadon kakanninsa, aka ba Abubakar na Uku, shi kuma aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau. Can aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, aka same shi da laifi a Sakkwato, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Asali bai tare masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya riƙe har daren da sojoji suka kashe shi a Kaduna, 15 ga Janairu 1966. Ka saurari masu yi masa addu'a yau. Jami'ar Zariya ta 1962 suke lissafawa, da Bankin Arewa, da gidan rediyon Kaduna, da 'ya'yan talakawa da ya tura karatu suka dawo suka riƙe ofisoshi. Ba kasafai suke kawo zancen kakansa ba.

Amma akwai gidajen da sunansa ke da ɗaci, kuma nan nake so ka tsaya. A zamaninsa Kazaure tana cikin Lardin Kano, inda 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka sha ɗauri a kotun alƙali, 'yan doka na tarwatsa taronsu, hakimi na nuna wa talaka akwatin da zai jefa ƙuri'a. Jikokinsu ba su manta ba. Duk inda aka ari rawani aka yi siyasa da shi, rawanin da siyasar sun fito da tabo.

A Ingila ma, Alec Douglas-Home ya ajiye sarautar gidansu ta Sikotilan a 1963 don ya shiga majalisar zaɓaɓɓu yana firayim minista, abokan hamayya suka yi ta yi masa gori da asalinsa, bai cika shekara ba ya faɗi zaɓe.

Don haka kada ka aika dagaci ya tara maka jama'a. Ka je Roni da ƙafarka, ka zauna a tabarma ɗaya da wanda ba jam'iyyarku ɗaya ba. In manomin Gwiwa ya ce taki bai iso gare shi ba, ka bar shi ya ƙarasa maganarsa, ko da 'yan rakiyarka sun fara harararsa.