Yadda Ake Sabunta Sautin Tsohon Kaset Ba Tare da An Kashe Waƙar Ba

A Matamaye, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Damagaram zuwa Daura da Kano, har yanzu akwai gidajen da ke ajiye da kwalin kaset a ƙarƙashin gado: Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Ma'azu Ɗan Alalo, kiɗan jita na Super Haske ta Zinder, har da na biki da naɗin sarauta da wani ya ɗauka da rakodarsa. Da yawa daga cikin waƙoƙin sun riga sun koma memori ta hannun masu turi, amma wanda ya san asalinsu zai ji an yi musu illa. An cika musu ƙara, an zuba musu amsa-kuwwa, wani wurin ma an ɗora tallar shago da lambar waya a kan muryar mawaƙi. Ana kiran wannan gyara, alhali ɓarna ce.

Turawa ma sun sha wannan gardama a kan fayafayan kiɗansu na rok. Ƙwararrun ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan sun shafe kusan shekara huɗu suna sabunta fayafayan Beatles kafin su fito a 2009, kuma abin da aka fi yaba musu shi ne sun taƙaita sa hannu. Jimmy Page, mai kaɗa jitar Led Zeppelin, ya zauna da kansa a kan fayafayansu a 1990, ya sake komawa kansu a 2014. A ɗaya ɓangaren kuma, tun shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, kowa yana son faifansa ya fi na wani tashi a rediyo. Dabarar ita ce a danne wuraren da sauti ya yi sama, sannan a ɗaga komai gaba ɗaya, sai raɗa da tsawa su zama tsayi ɗaya. Faifan Metallica na 2008, Death Magnetic, ya sha suka daga masoyansa saboda haka. Mu ma a Nijar muna da misali mai kyau: kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fito da kaset ɗin Mamman Sani na 1978 a shekarar 2013, ya kuma fito da kiɗan rok na Azna de l'Ader ta Tawa daga tsoffin ɗauka na gidan rediyon ƙasa. Duk wanda ya saurare su zai ji shekarunsu a jikinsu, kuma hakan bai rage musu komai ba.

To, ga yadda ake yi.

Mataki na farko shi ne neman kaset mafi kusa da asali, kuma rabin aikin yana nan. Kowane kwafi da aka yi daga kaset zuwa kaset yana zubar da siririn sauti, yana ƙara wannan shuu ɗin da ake ji a baya. Kwafi na huɗu ko na biyar, babu manhajar da za ta dawo masa da abin da ya rasa. Saboda haka kafin ka kunna kwamfuta, ka zagaya. Ka tambayi tsoffin masu sayar da kaset a kasuwa, direbobin da suka yi zamani a layin Kano, iyalan maroƙa da ƴan amshi, da gidajen rediyo. In ka samu uku na waƙa ɗaya, ka saurare su duka, ka zaɓi wanda kake jin fitar harafin "s" da bugun maƙaɗi a kan fata, ko da shuu ɗinsa ya fi yawa. Wanda ya yi shiru lum amma muryar ta dushe, ajiye shi gefe. Kada kuma ka fara aiki da MP3 da ya riga ya yawata a wayoyi, domin an riga an yanke masa wani abu.

Na biyu, duba lafiyar kaset ɗin kansa. Fara da ɓalle ƴan kunnuwa biyun nan da ke samansa, don kada yatsa ya kuskure ya danna jan maɓalli ya shafe waƙar. Leƙa ɗan soson da ke bayan zare a tsakiya. In ya faɗi, zaren ba zai manne da kan rakoda ba, wato ƙarfen da ke karanta sauti. Sa biro ka juya a hankali, ka ga ko yana tafiya ba tare da cijewa ba. In gidan ya fashe ko ya lanƙwashe saboda zafin bazara, kwance kusoshinsa biyar ka mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya. In zaren ya tsinke, akwai salatif na musamman da ake haɗa shi da shi ta baya. Na ofis yana narkewa ya manne zaren da juna. Wanda damina ta sa wa fumfuna kuwa, ware shi daban, domin zai shafa wa rakodar, ita kuma ta shafa wa sauran.

Na uku, rakoda. A nan ne ya kamata mutum ya daɗe. Ƙurar hunturu da dattin zare suna taruwa a kan ƙarfen da ke karanta sauti. Jiƙa auduga da alkol na kantin magani ka goge kan, ka goge siririn sandan ƙarfe mai jan zare, ka share tayar robar da ke matse shi, ka bari su bushe. Za ka ga audugar ta koma ruwan ƙasa. Kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma in robar injin ta saki, muryar za ta riƙa rawa kamar ta mai jin sanyi. Kai wa mai gyaran rediyo ya canza ta. Sannan sai babban sirrin da yawancin masu turi ba su sani ba. A gefen kan akwai ƙaramin kusa mai ɗan sifirin a ƙarƙashinsa, shi ke daidaita karkatar kan. Kowace rakoda da tata karkatar, don haka wadda ta ɗauki waƙar a Kano shekara arba'in da suka wuce ba lallai ta yi daidai da taka ba. Cire murfin ƙofar, sa kaset yana tafiya, haɗe sautin dama da hagu ya zama ɗaya, sa ƙaramin sukudireba ka juya kusan kaɗan-kaɗan, dama ko hagu. Akwai wurin da sautin zai buɗe nan take: muryar ta matso kusa, kalangu ya fara magana, ka ji ƴan amshi ɗaya bayan ɗaya maimakon dunƙule. A nan za ka tsaya. Ana maimaita wannan ga kowane kaset, wani lokaci ga kowace fuska. Maɓallin Dolby kuma a bar shi a kashe, sai in an rubuta a jikin kaset cewa da shi aka ɗauka.

Na huɗu, ɗauka zuwa kwamfuta. Da waya za a haɗa, daga mafitar sautin rakoda zuwa kwamfuta, in da hali ta ƙaramin akwatin sauti na USB. Kara wayar salula a bakin lasifika ba ɗauka ba ce, kukan akuya da babur za ka adana. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. Saita ta a 44,100 ko 48,000, bit 24. Manyan ɗakunan adana tarihi suna kai wa 96,000. Nemo wurin da kiɗa ya fi zafi, ka daidaita ƙarar shiga yadda ba za ta wuce -6 a ma'aunin ƙara na manhajar ba, don abin da ya fashe a wannan mataki ya fashe ke nan. Wutar layi tana shigar da gurnani, ta janareto ta fi muni, don haka cire cajar kwamfutar ta yi aiki da batirinta, rakodar ma in tana cin batir a sa mata sabbi. Ɗauki fuskar gaba ɗaya ba tsayawa, har da shirun farko. Adana ta a WAV. Kaset na minti 60 zai ci kusan gigabait ɗaya, kuma ya cancanci hakan. Wannan fayil shi ne uwa, ba a taɓa shi. Kwafinsa ake yi wa aiki.

Na biyar, gyaran kansa, kuma ƙa'idarsa ita ce kaɗan. Gurnanin wuta a Nijar da Najeriya yana zaune a kan kaɗawa 50 a daƙiƙa, da ninkinsa 100 da 150, sai a cire shi da siririn mataci a waɗannan wurare kawai. Yana ma da amfani kafin a cire shi: in gurnanin da aka ɗauka tun asali ya fito a 52 maimakon 50, alama ce waƙar tana gudu fiye da yadda aka rera ta, sai a rage saurin. Irin wannan gudun yana kuma faruwa da kaset ɗin da aka ɗauka da raunanan batir, shi ya sa za ka ji dattijon mawaƙi da siririyar murya. Wanda ya san muryar mawaƙin ido da ido ya fi kowane ma'auni a nan, ka kira shi ya saurara.

Shuu kuma, nan ne mutane suka fi ɓarna. Manhajar tana son ka nuna mata daƙiƙa biyu ko uku na shiru tsakanin waƙoƙi, ta gane hayaniyar, sannan ta rage ta. Rage da 6, in ya yi yawa 9. Akwai zaɓin da zai jiyar da kai abin da ake shirin cirewa kaɗai. In ka ji kalma ko kaɗawar tsirkiyar kuntigi a ciki, ka wuce gona da iri, koma baya. In aka matsa, muryar takan koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. Ni dai na fi son in ji ɗan shuu da cikakkiyar muryar Shata a kan tsit da rabinta. Kunne yana mance shuu bayan minti ɗaya. Haka sababbin manhajoji masu raba murya da kiɗa: da irinsu aka tsamo muryar John Lennon daga tsohon kaset aka fitar da waƙar Beatles ta ƙarshe a 2023, amma ba a horar da su a kan kalangu da kotso ba, kuma kalangu yana bin hawa da saukar harshe, sai su iya rikita shi da murya. Kada ka ƙara amsa-kuwwa, kada ka mayar da ɗaukar makirfo ɗaya ta zama ta dama da hagu ta ƙarya. Tafi, guɗa, shewar ƴan kallo da kirarin sanƙira duk cikin waƙar suke, a bar su.

Ƙara ita ce ta ƙarshe. Ɗaga fayil ɗin gaba ɗaya har ƙololuwarsa ta kai -1, ka tsaya. In ka dubi hoton sautin ka ga ya zama tubali, ba tudu ba kwari, an danne shi ke nan, kuma wurin da Ɗanƙwairo yake sassautawa kafin ƴan amshi su ɗauka ya tafi.

Na shida, gwaji. Kunne yana da rauni ɗaya: duk abin da ya fi ƙara sai ya ɗauka ya fi daɗi. Don haka rage gyararren har ƙarfinsa ya yi daidai da uwar, sannan ka riƙa sauya su. Saurara a abin saƙalawa a kunne, a ƙaramar lasifikar waya, da rediyon mota, tunda a nan mutane za su ji. In bai fi uwar ba a haka, watsar da gyaran ka ba da uwar yadda take.

Sannan a rubuta sunan fayil da kyau: mawaƙi, waƙa, wanda aka yi wa ita, gari, shekara in an tabbatar, da gidan da kaset ya fito. Abin da ba a tabbatar ba a bar gurbinsa, kada a cike da zato. Don rabawa, fitar da MP3 na 256 ko 320 kai tsaye daga WAV, sau ɗaya. A WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, ba saƙon murya ba. Uwar kuma a ajiye ta wuri biyu, gida biyu daban, domin memori yana mutuwa ba sallama. In da niyyar sayarwa ko ɗorawa a YouTube, a fara neman iznin magada. A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawaƙa. Kaset ɗin a mayar wa mai shi tare da kwafi, a ce masa ya jera shi a tsaye cikin akwati mai murfi, nesa da rufin kwano da lasifika, domin maganaɗisun lasifika yana cin abin da ke kan zare.