Amsoshin Tambayoyinku: Neman Rangwame da Turanci

Wani mai sauraronmu daga Kwanar Dangora a ƙaramar hukumar Kiru, mai sarin kaya a Legas, yana tambaya: yaya zai nemi rangwame da ingantaccen Turanci?

To Malam, ka nuna kayan ka ce, "Can I get a discount on this?" Kalmar "on" ce take zuwa kafin kayan da ake neman ragi a kansu. Kana iya cewa kuma, "Can I buy it at a discount?" Kada ka yar da "a" ɗin nan. "How much last?" kuwa Turancin kasuwa ne, yana aiki a rumfa, amma kada ka sa shi a wasiƙar kamfani.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.