Amsoshin Tambayoyinku: Ɗan Macijin da Ke Ƙara Cikin Duwatsu

TAMBAYA:  A unguwarmu ta Kara-Kara da ke Damagaram yara sun tono wani ɗan maciji cikin tarin duwatsun gini. Tsawonsa bai wuce kamu guda ba, launinsa irin na ƙasa da ɗige-ɗige masu haske, yana murɗa jiki yana ƙara kamar an zuba ruwa cikin mai mai zafi. Wasu sun ce jaririn kasa ne, wai dafinsa bai nuna ba tukuna. Haka ne?

AMSA:  Allah Ya tsare yaran nan, domin abin da ka siffanta ba jariri ba ne. Kububuwa ce, kuma mai yiwuwa ta gama girmanta. Yawancinta tsakanin santimita 30 ne zuwa 60, ba ta wuce nan da yawa ko ta shekara nawa.

Ƙarar da ka ji ita ce shaida. Kasa huci take yi, ta kumbura ta fitar da iska. Ita kuwa kububuwa ba da baki take wannan ƙara ba. Ɓawon da ke gefen jikinta yana da ƙananan haƙora kamar na zarto, sai ta lanƙwashe jiki tana goga gefe da gefe. Masana na ganin dabara ce ta mazaunin busasshiyar ƙasa, tunda huci yana fitar da danshin jiki, ruwa kuwa tsada gare shi a Sahel. Gargaɗi ne dai. Wanda ya ji ya ja da baya, domin saranta na zuwa da saurin da ido ba ya bi.

Da rana tana laɓewa ƙarƙashin dutse, ko tarin itace, ko ramin ɓera, sai almuru ta fito farauta. Tana cin kunama, da shanshani, da ƙadangare, da kwaɗo, da 'ya'yan ɓera. Gari irin Damagaram, mai duwatsu ta ko'ina, gida ne a wurinta. Kasa haihuwa take yi, amma kububuwar yankinmu ƙwai take sakawa, kuma ɗan da ya fito yau da dafinsa yake fitowa. Don haka ko da jaririn ne, zancen "bai nuna ba" ba shi da tushe.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau. Ana yi mata kirari da "gobe da nisa", amma ni a ganina kirarin nan yana ruɗin mutane. Ba kasafai take kashewa nan take ba. Wurin saran zai yi zafi ya kumbura, mutum ya kwana ya tashi yana magana, yana shan fura, sai a ce ai maganin gida ya ci. A ciki kuwa dafin ya cinye abin da ke sa jini daskarewa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ga jini a dasashi, ko a fitsari, ko tsohon ciwo ya ɓalle. Idan ya zuba cikin ƙwaƙwalwa, shi ke nan. Tun a shekarun 1970 likita David Warrell da abokan aikinsa suka yi nazarin wannan a Zariya, kuma har yau asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe cike yake da manoman da ta sara, musamman da damina. Yawan irin wannan ɓarna ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Gwajin gane ko dafin na aiki kuwa mai sauƙi ne: a ɗebi jini kaɗan cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafi na aiki, sai allurar kashe dafi.

Idan ta sari mutum, kada a tsaga wurin da reza, wanda jininsa ba ya tsayawa ba a ƙara masa rauni. Kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya, kada a ba shi asfirin. A cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa babban asibitin Damagaram a ranar, ko yana cewa lafiyarsa ƙalau. Tarin duwatsun nan kuma a gaya wa yara su daina sa hannu ciki, in za a ɗaga dutse a fara ture shi da sanda.