Triniti Mai Tsarki da Aikin Halitta

Lahadin Triniti Mai Tsarki, wadda take bin Fentikos, takan same mu ne a farkon damina, sa'ad da muke shukar masara da dawa a ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan. Lokaci ne da ya dace mu yi tunani a kan Wanda ya yi ƙasar da muke nomawa. Maƙwabtanmu kuma sukan tambaye mu a kasuwa ko alloli uku muke bauta wa. Wajibi ne kowane mai baftisma ya iya ba da amsa cikin ladabi.

Amsar Ikkilisiya ita ce, Allah ɗaya ne, ba shi da na biyu. Cikin wannan Allahntaka ɗaya akwai Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, daidai suke cikin iko da ɗaukaka tun fil'azal. Kalmar Ɗa ba ta nufin haihuwa irin ta jiki, gama Allah Ruhu ne, ba shi da mata. Sai mu yi hankali kuma da misalin duwatsun murhu guda uku: kowane dutse sashi ne kawai na murhu, amma Uba cikakken Allah ne, haka Ɗa, haka Ruhu.

Littafin Farawa, sura 1, ya nuna mana Ruhun Allah a bisa ruwaye, Allah kuwa yana kiran kowane abu ta wurin maganarsa. Bisharar Yohanna, sura 1, ta bayyana cewa wannan Kalma yana tare da Allah tun farko, ta wurinsa aka yi kome, shi ne kuma ya zama mutum. Zabura 104 ta ce da aiko Ruhu ne ake sabunta ƙasa. Saboda haka Waliyyi Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya kwatanta Ɗa da Ruhu da hannuwa biyu na Allah tun a ƙarni na 2.

An yi gardama a kan wannan koyarwa. Ariyus, wani firist na Iskandariya ta Masar, ya ce Ɗa ma halitta ne. Majalisar Nikiya ta ƙi maganarsa a shekara ta 325, Majalisar Kustantiniya kuma ta tabbatar da Allahntakar Ruhu Mai Tsarki a 381. Daga nan muka sami shaidar bangaskiya da muke faɗa a Misa ranar Lahadi. Da Kristi halitta ne kamar mu, da ba shi da ikon gafarta mana zunubi. Wanda ya yi mu shi ne ya fanshe mu.

Me wannan yake koya mana? Na fari, gonar rake da lambun tumatir amana ce daga Uba, kada mu gaji ƙasa ko mu sassare itatuwa ba tare da dasawa ba. Na biyu, Allah da kansa zumunta ne na ƙauna, ya kuma yi mutum cikin kamanninsa. Don haka maƙwabcinmu, Kirista ko Musulmi, manomi ko makiyayi, yana da darajar da ba mu da ikon takawa. Wanda ya yi alamar gicciye da safe, ya ture iyakar gonar ɗan'uwansa da rana, ya ƙaryata sunan da ya ambata.

Bari iyaye da katikis su koya wa yara yin alamar gicciye a hankali, suna sane da abin da suke faɗa. Allah Ɗaya cikin Uku ya albarkaci daminarmu. Amin.